Takardar da na kasa cikewa a laburaren unguwarmu

Watanni huɗu ke nan wata takarda tana cikin aljihun rigar sanyina, na ninke ta gida huɗu har gefenta ya fara cinyewa, kuma har yau ban iya cike ta ba. Ƙaramar takarda ce mai gurabe biyar kacal: sunan mawaƙi, sunan faifai, shekarar da ya fito, kamfanin da ya buga shi, da kuma inda za a saya. Wata ma'aikaciyar laburare ce ta miƙo mini ita a nan Cleveland da ke jihar Ohio ta Amurka, cikin fara'a da kyakkyawar niyya, ba ta kuwa san cewa ta jefa ni cikin kunyar da ban taɓa jin irinta ba tun da na sauka ƙasar nan.

Yadda aka yi har na kai ga wannan takarda yana da ɗan tsawo. Ina aikin dare a wani katafaren sito inda ake ɗaure kaya ana lodi, kuma wanda muke tsayawa layi ɗaya da shi wani dattijon Bature ne da ya haura shekara sittin, wanda ba ya rabuwa da ƙaramar rediyonsa. Tasha ɗaya yake kamawa kullum, mai sa abin da suke kira classic rock, wato kiɗan rok na da, wanda aka yi daga tsakiyar shekarun 1960 zuwa na 1980. A makonnin farko ban ji komai a cikinsa ba sai hargowa, kamar an haɗa maƙera da masu faskare a zaure ɗaya, ga jita tana ƙara kamar an take wutsiyar kyanwa. To amma mai aikin dare ba ya zaɓar abin da kunnensa zai ji, kuma sannu a hankali sai na lura ina ɗaga kwali ina ajiyewa daidai da bugun gangar. Wata rana na tambayi dattijon ko wane ne wannan makaɗi mai nauyin hannu haka. Bai ko ɗago kai ba ya ce mini John Bonham ne na ƙungiyar Led Zeppelin, ya rasu a 1980, kuma da ya rasu sauran ukun suka ƙi ɗaukar wani a gurbinsa, suka rushe ƙungiyar. Na yi mamakin yadda leburan sito ya riƙe sunan mai ganga da shekarar mutuwarsa kamar ɗan uwansa ne na jini, amma a lokacin ban ɗauki abin da wani muhimmanci ba. Ya ƙara da cewa idan ina son in ji kiɗan yadda ya kamata, kada in ɓata kuɗina, in tafi laburare.

Dariya na yi, domin a sanina laburare wuri ne da ɗalibi yake fakewa idan jarrabawa ta matso. Ranar wata Asabar da dusar ƙanƙara ta hana ni zuwa ko'ina mai nisa, sai na taka zuwa reshen da ke unguwarmu. An nemi katin shaidata da wata wasiƙa mai ɗauke da adireshina, kuma cikin ƙasa da minti goma aka ba ni katin aro, ba a karɓi ko sisi ba. A bayan kantocin littattafai na tarar da wani sashe guda na kiɗa, faya-fayan sidi jere bisa haruffa, a gefe kuma akwatuna cike da manyan baƙaƙen faya-fayan garmaho irin waɗanda rabona da ganinsu tun ina yaro a ɗakin wani kawuna. Na zaci kayan tarihi ne da aka ajiye don kallo, sai ma'aikaciyar ta ce mini aro ake yi, har da na'urar juya su idan ba ni da ita a gida. Ta bayyana mini cewa faifan garmaho ya dawo da ƙarfinsa, har ma a 2022 yawan waɗanda aka sayar a Amurka ya zarce na sidi, abin da rabon da a gani tun 1987. Na fito da faya-fayai biyar da na'ura a cikin jaka, ina ta waiwaye ko wani zai biyo ni ya ce an yi kuskure.

Babu wanda ya biyo ni, kuma babu wanda ya ce in kawo mai tsaya mini. Idan abin da kake nema babu shi a reshenku, za ka rubuta a kwamfuta, motar laburare ta ɗauko shi daga wani reshen, a aiko maka da saƙo cewa ya iso. Idan ka gama ka jefa shi ta wata taga da ke jikin bango, ko da tsakar dare ne. Tarar jinkirin mayarwa ma laburare da yawa a nan sun soke ta. Ba kyauta ba ce daga sama, domin kuɗin yana fitowa ne daga wani kaso na harajin jiha da kuma harajin gidaje da mazauna gari suke kaɗa ƙuri'a su amince a ɗora musu, kuma ni ɗan haya na san mai gidana ya riga ya zuba nawa kason a cikin kuɗin hayar da yake karɓa. Dokar ƙasar ta ba wanda ya sayi kwafin abu damar ya ara wa wanda ya ga dama, kuma ko a 1984 da majalisa ta hana 'yan kasuwa bayar da hayar faya-fayan kiɗa, ta ware laburaren da ba na neman riba ba. Sai na tuna da kaset nawa na ara a hannun abokai a gida ban mayar ba, da nawa aka ara a hannuna suka bi ruwa, har ta kai idan mutum ya ce a ara masa abu, mai abin yakan yi masa kallon bankwana. Ban cire kaina daga wannan laifi ba.

Abin da ya fi kiɗan kansa ɗaukar hankalina shi ne kwalin da ake saka faifan a ciki. A bayan kowane kwali an rubuta sunan kowace waƙa da tsawonta, da wanda ya tsara ta, da mai jita, da mai ganga, da ɗakin da aka naɗi sautin, da injiniyan da ya zauna a kan na'ura, har da wanda ya ɗauki hoton bango. Nakan ɗora allura a kan faifai bayan na taso daga aiki da asuba, in yi salla, in zauna da shayi ina ji ina karanta kwalin, kuma da yake kowane gefe bai fi minti ashirin da 'yan kai ba, dole ka tashi ka juya shi, wanda hakan yake hana mutum yin barci a kan waƙa ko tsallake ta kamar yadda muke yi a waya. Ta wannan hanya na bi zaren kiɗan ina komawa baya. Daga mawaƙan Ingila irin su Beatles da Rolling Stones da suka mamaye Amurka a shekarun 1960, na gano cewa su kansu almajiran baƙaƙen fatar jihohin kudancin ƙasar Amurka ne masu kiɗan blues, har ma Rolling Stones sun samo sunansu ne daga wata waƙar Muddy Waters. Shi kuwa Muddy Waters yana aikin gona ne a jihar Misisipi lokacin da Alan Lomax ya je da na'ura a 1941 ya naɗi muryarsa, kuma wanda ya aike shi ba wani kamfanin kiɗa ba ne, Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ne. Ashe tun kafin a haifi rok, laburare ya riga ya tsugunna a gaban kakansa da abin naɗar magana.

A cikin wannan karance-karancen na ci karo da ƙasarmu sau biyu, kuma na ji daɗi kamar na haɗu da ɗan garinmu a tasha. Ginger Baker, mai gangar ƙungiyar Cream, ya ratsa Sahara da mota ya zauna a Legas a farkon shekarun 1970, ya yi kiɗa tare da Fela Kuti. Paul McCartney na Beatles kuma a Legas ya naɗi ɗaya daga cikin fitattun faya-fayansa a 1973. Na je na gaya wa ma'aikaciyar nan cikin alfahari, domin zuwa lokacin mun saba, dattijuwa ce mai furfura da ke ajiye mini abin da take ganin zan so. Mako na zagayowa sai na tarar ta tara mini faya-fayan Fela guda uku da na Bombino, mai jitar nan na Agadas, ta nuna mini a bayan kwalin cewa wanda ya shirya masa faifansa na 2013 Dan Auerbach ne, mutumin Akron, garin da bai kai tafiyar awa guda daga inda muke tsaye ba. Ta tambaye ni ko wannan shi ne kiɗan mutanena. Na ce mata maƙwabta ne na kusa, Fela Bayarabe ne, Bombino kuma Ba'abzine, mu Hausawa namu daban ne, kuma mun fi miliyan hamsin. Sai ta ce to ai kuwa bai kamata a ce babu namu a nan ba, in faɗa mata wanda ya fi kowa girma a wurinmu, laburare yana da kuɗin da ya ware don sayen abin da masu aro suka nema. Nan ta jawo takardar nan ta miƙo mini da biro.

Gurbin farko bai ba ni wahala ba, na rubuta Mamman Shata da manyan baƙaƙe, har ina jin wani ƙasaita a raina. A gurbi na biyu biron ya tsaya. Sunan faifai? Na san waƙoƙi da dama da ka, wasu zan iya rera su daga farko har ƙarshe da amshinsu, amma ban taɓa sanin waƙa kaza a faifai kaza ta fito ba. Shekara? Na san ya rasu a 1999, iyakar shekarar da na sani game da shi ke nan. Kamfani? Inda za a saya? Na ce mata bari in duba wayata, na buɗe ma'ajiyar da nake taƙama da ita mai waƙoƙi sama da ɗari uku, ita kuma ta sunkuyo tana kallo da tabarau. Abin da ta gani shi ne Shata 1, Shata 2, Shata sabuwa, Shata tsohuwa, wata kuma jerin lambobi ne kawai irin waɗanda WhatsApp yake liƙa wa saƙon murya. Na kunna mata guda ɗaya a hankali, kalangu ya fara tashi, sai ga muryar wani yaro ta faɗo a kan waƙar yana tallan shagonsa na tura waƙoƙi, da kwatancen layin da yake da lambar wayarsa. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige.

Ba ta yi dariya ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta saurara har tallan ya wuce, ta ce muryar mutumin tana da iko, sannan ta tambaye ni sunan mai bugun wannan ganga da take ji kamar tana magana. Ita ce tambayar da na yi wa dattijon sito, wanda ya amsa mini ba tare da ya ɗago kai ba. Ni kuwa da aka yi mini rawa a goye da wannan kalangu, na buɗe baki ban sami suna ko ɗaya ba. Na sauya zuwa Ɗan Maraya Jos, ina ganin tunda shi kaɗai yake kaɗa kuntiginsa ba za a tambaye ni 'yan amshi ba, amma sauran guraben huɗu suna nan suna jirana. Na gwada Ɗanƙwairo, na gwada Barmani Choge, duk kanwar ja ce. Ta bincika a babban kundin da laburaren duniya suke tarayya a kansa, ta ga littattafai da rubuce-rubucen masana a wasu jami'o'i da ke ambaton sunayen, amma ba ta ga abin da za ta iya yin oda a kawo mata a kwali da rasit ba. Ta ce in tafi da takardar, duk ranar da na samu bayanin in dawo da ita.

Na san wani zai ce ai duk waƙoƙin suna YouTube, me ya yi zafi. Suna nan, kuma ni ma can nake zuwa idan kewar gida ta taso mini. Amma abin da ke can kwafin kwafin kwafi ne, wanda ya tashi daga faifai ya koma kaset, daga kaset zuwa wani kaset a rediyo mai baki biyu, daga nan zuwa sidi, zuwa memori, zuwa waya, kowane zango yana zubar da wani abu na sautin har kalangu ya koma kamar ana buga shi a cikin rijiya. Babu shekara, babu wurin da aka yi wasan, sau da yawa ma sunan waƙar kuskure ne, kuma ranar da mai shafin ya rasa lambar sirrinsa ko aka rufe shi, shi ke nan. Laburare ba ya iya sayen irin wannan, domin bai san wa zai biya ba, bai kuma san me zai rubuta a kundinsa ba. Abin takaicin shi ne memorin kansa ba shi ne matsalar ba. Mdou Moctar, wani mai jitar daga Nijar, a Sakkwato ya naɗi faifansa na farko a 2008, kuma ta memori da wayoyin hannu waƙoƙinsa suka yaɗu a yankin Sahel, har wani Ba'amurke mai tattara kiɗa ya ji, ya bi sawu ya nemo mai waƙar, ya rubuta sunansa a kwali. Yau faya-fayansa suna kantar da nake tsaye a gabanta. Bambancin kawai shi ne an samu wanda ya tsaya ya tambaya wane ne wannan, yaushe aka yi, sannan ya rubuta.

Kada a ɗauka komai na nan ya burge ni. Tashar da dattijon nan yake kamawa waƙoƙi 'yan ƙalilan take juyawa dare da rana, har na kai ina sanin wadda za ta biyo bayan wata, alhali a laburare na ga cewa abin da aka yi a wannan zamani ya ninka haka sau dubu. Kuma in ban da Jimi Hendrix, da wuya ka ji baƙar fata a tashar, kamar ba su Chuck Berry da Little Richard da Sister Rosetta Tharpe ne suka share filin ba. Faya-fayan sidi da yawa masu aro sun karce su kamar an yi yankan albasa a kansu, sai waƙa ta kai inda take da daɗi ta fara in'ina. Wani faifan sai ka yi mako shida kana layi kafin ya zo hannunka. Akwai kwalayen da nake kifewa idan yaran maƙwabcina sun shigo, akwai kuma waƙoƙin da na daina ji tun ranar da Turancina ya kai in fahimci abin da suke faɗa, domin yabon giya da ƙwaya ba ya zama abin kirki don an saka shi a laburare. Rayuwar da yawa daga cikin masu kiɗan ma abin tausayi ce: Hendrix da Janis Joplin sun mutu a 1970, Jim Morrison a 1971, kowannensu yana da shekara 27. Sannan reshen unguwa ba ya ajiye abu har abada. Duk abin da aka daɗe ba a ara ba sai a fitar da shi a sayar a kan dala ɗaya, kuma ranar da na ga ana haka raina ya ɓaci, har na sayi guda bakwai da ba na buƙata don kawai kada su tafi bola.

Da na yi ƙorafin wannan ne aka fahimtar da ni cewa aikin kashi biyu ne, akwai gidan aro akwai gidan ajiya. Gidan ajiyar yana nan cikin garin. Cleveland tana taƙama da cewa a nan ne Alan Freed, wani mai gabatar da shiri a rediyo, ya yayata sunan rock and roll tun 1951 yana sa wa matasa farare da baƙaƙe kiɗan baƙar fata, kuma wasan da ya shirya a watan Maris na 1952 ya cika ya batse har hukuma ta tsayar da shi tun bai yi nisa ba. Da wannan tarihi garin ya samu aka gina masa gidan karrama mawaƙan rok a bakin tafkin Erie, wani gini mai siffar dala ta gilashi da aka buɗe a 1995, wanda ɗaya daga cikin jagororin kafa shi, Ahmet Ertegun, ɗan asalin Turkiyya ne. Ba a saka mawaƙi a jerin waɗanda za a karrama sai faifansa na farko ya cika shekara 25, wanda ke nufin dole a san ranar da faifan ya fito. A 2012 gidan ya buɗe nasa laburaren da ma'ajiyar takardu, inda ake adana wasiƙu da kwantiragi da hotuna da takardun da mawaƙa suka fara tsara baitocinsu a kai, da gogewa da gyare-gyarensu. A Jami'ar Bowling Green da ke wannan jiha akwai wata ma'ajiyar faya-fayan kiɗan zamani da aka fara tarawa tun 1967, lokacin da manyan malamai suke ganin irin wannan kiɗa shirmen yara ne. A matakin ƙasa kuma, bisa wata doka ta shekarar 2000, Laburaren Majalisa yana zaɓar sautuka 25 duk shekara ya shigar da su rajistar abin da ba a yarda ya ɓace ba. Duk da haka su ma sun sha asara, domin gobarar da ta tashi a wani sito na kamfanin kiɗa na Universal a 2008 ta cinye ɗimbin kaset na asali, kuma sai a 2019 jama'a suka san girman ɓarnar. Amma ko a wannan, sun iya zama su lissafa da yawa daga abin da ya ƙone da sunansa.

Mu fa? Ba zan zalunci malamanmu na jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato ba, waɗanda suka bi makaɗan fada da na jama'a suka rubuta baitocinsu da tarihinsu, wasu da kuɗin aljihunsu. Ba zan manta da gidajen rediyonmu ba, tun daga na Kaduna da ya fara aiki a 1962, waɗanda ba don su ba da yawancin muryoyin nan ba a ma naɗe su ba. Amma baiti a takarda ba shi ne waƙa ba, kuma zaren kaset ba ya jure zafi da laima da ƙurar hunturu, sai an ajiye shi a ɗaki mai sanyi da bushewa shekara da shekaru, kun kuwa san yadda labarin wuta yake. A ganina ma matsalar ta girmi rashin wuta da rashin kuɗi. Muna son waƙa amma muna raina mai yin ta. Mutum zai yi liƙi har aljihunsa ya bushe, ya yi kuka idan an ambaci kakansa, amma idan makaɗin ya nemi auren 'yarsa sai a tuna cewa maroƙi ne. Wanda ake yi wa kallon maroƙi kuwa ba a tambayar ranar da ya yi abu, balle a tambayi sunan yaron da ke bayansa da kalangu a hammata. Attajiran da aka wasa da waɗannan waƙoƙi, waɗanda sunayensu suka wanzu saboda su, 'ya'yansu da jikokinsu suna nan da dukiyar da za ta iya gina ɗakin ajiya goma ba ta girgiza ba. Muna cewa da tsohuwar zuma ake magani, amma tulun da za a zuba ta ba mu tanada ba.

Sai dai kuma akwai ranar da nake zaune a kusurwar laburaren nan da abin ji a kunne, kowa ya yi tsit, wani tsoho yana gyangyaɗi a kan jarida, ni kaɗai nake jin wasan da aka yi a gaban dubban mutane a 1969, sai na ji wani irin kaɗaici ya rufe ni. Kiɗan yana nan lafiya lau, ba abin da ya taɓa shi, kamar zaki a gidan namun daji. Na tuna dandali da daddare bayan an sha ruwan sama, fitila a rataye, ƙasa tana ƙamshi, kalangu yana kiran sunan mutum tun kafin mawaƙi ya buɗe baki, mata suna guɗa ta bayan katanga. Wannan ba ya shiga kwali, kuma babu katin aron da zai ba ni shi. Da za a ce in zaɓa a wannan daren, da na bar musu kantocinsu duka na tafi. Amma masu wancan dandalin sun riga mu gidan gaskiya ɗaya bayan ɗaya, Ɗanƙwairo a 1991, Barmani a 2013, Ɗan Maraya a 2015, kuma abin da ya rage mana daga gare su shi ne abin da aka naɗa.

Shi ya sa na tuna da akwatin mahaifinmu, Allah ya jiƙansa. Akwatin ƙarfe ne da yake ƙarƙashin gadonsa, cike da kaset, kuma shi mutum ne mai rubutu, domin a jikin kowane kaset yakan rubuta da ajami inda ya saya ko bikin da aka naɗa, wani lokaci har da shekara. Na ce ko banza zan samu abin da zan cike gurbi biyu ko uku. Na kira ƙanena na ce ya buɗe akwatin ya ɗauki hoton kowane kaset gaba da baya ya turo mini, kada ya bari kowa ya taɓa. Ya yi shiru, sannan ya ce, “Yaya, ai akwatin yana nan, Inna tana zuba zannuwanta a ciki.” Na ce kaset ɗin fa? Ya ce tun bara waccan da tsuntsaye suka addabi shinkafar fadama, yara suka zare zaren suka ɗaɗɗaura a kan sanduna, domin idan iska ta kaɗa yana ƙyalli yana ƙara, tsuntsu ba ya sauka. Ya ƙara da cewa shinkafar ta yi kyau sosai a shekarar, kuma in kwantar da hankalina, duk waƙoƙin yana da su a waya, zai turo mini.

Na tambaye shi ko kwansunan suna nan, tunda a jikinsu rubutun yake. Ya ce yana jin ya ga wasu a bayan rumbu, zai duba idan ya dawo daga kasuwa ranar Laraba. Faya-fayan da ke hannuna kuma ranar Talata wa'adinsu yake cika, kuma na riga na yanke shawarar cewa ta tagar bango zan jefa su da daddare, kada dattijuwar nan ta gan ni ta tambaye ni labarin takarda.